Giyar Neman Takwarata

Kada wani ya ɗauka giyar ce ta girgiza ni. A cikin warin tsiro na tashi. Uwata burukutu take dafawa a ƙauyenmu na kan dutse, kuma tun ban kai tsayin tukunya ba nake iza mata wuta. Cocinmu ma bai hana ɗan kaɗan ba, buguwa ce aka hana. Saboda haka ranar da takwarata ta zo daga Manchester da zancen za a je gonar inabi ɗanɗana giya, ba jin sunan giya ne ya sa na ajiye wuƙa ba.

Takwarata jikata ce, 'yar babban ɗana, sunana aka sa mata. A nan Ingila aka haife ta. Yarenmu ba ta ji ko kaɗan, Hausarta kuwa rabi ce, sauran rabin Turanci take cikawa da shi. A kantin magani take aiki a Manchester. Ni ina unguwar Handsworth a Birmingham, a wajen ubanta, a irin gidajen nan da suka manne da juna har kana jin tarin maƙwabci. Ɗana direban bas ne, matarsa kuma tana aiki a gidan kula da tsofaffi.

Akwai wani yaro Bature, dogo, wanda kunnuwansa ke yin ja idan aka dube shi. Ta taɓa kawo shi gida ta ce abokinta ne. Amma na ga da ta rasa makullinta, shi ya sa hannu a jakarta ya ciro shi ba tare da ya duba ba. Ni ban yi boko ba, amma wannan karatun na iya shi.

Ranar Asabar ce, ina kicin ina yanka gauta da yakuwa zan yi gwate. Ta ture mini faranti gefe, ta buɗe kwamfuta a kan tebur, ta kira ubanta da uwarta. Sai ga tuddai kore shar, da layuka a miƙe kamar kitso. Ta ce wajen yana can kusa da iyakar Wales, ba nisa. Gonaki uku za a zaga, a kwana a wani gidan baƙi, a dawo. A kowace gona za a jera kofuna a ɗanɗana.

Uwarta ta ce, "Kai, wuri ya yi kyau. Wane takalmi ake sawa a irin wannan taɓo?"

Ubanta kuwa, da yake direba ne, hanya ce ta dame shi. Ya sa tabarau yana bin taswira da yatsa, wai wannan kwanar ba ta da kyau ga babbar mota.

Na ce, "Takwara, su wa da wa za su?"

"Mu duka, Kaka. Ke, da Baba, da Mama, da ni. Da shi, da iyayensa."

"Wa ya kira tafiyar?"

"Babansa. Suna zuwa duk shekara. Ya ce lokaci ya yi da iyali biyu za su san juna. Shi zai zaɓi giyar ma, ya san ta sosai."

"Shi zai zaɓa. Shi zai miƙa wa ubanki?"

"To, eh. Mene ne?"

A nan na ajiye wuƙar. Na dubi ɗana, yana nan dai da kwanarsa. Na dubi matarsa, tana nan da takalminta. Mutum biyu da aka haifa a gida, aka yi musu aure a gida, suna zaune ana shirya musu yadda za a karɓe musu 'ya a gona, ba wanda gashin jikinsa ya tashi.

Bari in faɗi yadda abin yake a wajenmu, don wanda bai sani ba. Idan yaro yana son yarinya, iyayensa maza ne ke ɗauko tulun giya su tako har gidan ubanta. A ajiye tulun a tsakar gida, ba mai taɓa shi. A gaisa, a tambayi shanu, a tambayi damina, sannan su faɗi abin da ya kawo su. Sai a kira yarinyar. A zuba a ƙwarya a ba ta. In ta kurɓa ta miƙa wa ubanta, tana so ke nan. In uban ya sha, magana ta ƙare, ya ba da ita, kuma ba shi da bakin janyewa. Masu tsananin coci yanzu lemon kwalba suke kaiwa, amma ma'anar ɗaya ce. Abin da ba a taɓa yi shi ne dangin yarinya su ɗauki ƙafarsu su bi giyar dangin yaro zuwa inda take.

Na san wadda aka yi wa haka. Tare muka tashi. Ubanta mai son sha ne, dangin saurayin suka tare shi ranar kasuwa suka cika masa ƙwarya, ya sha a gaban jama'a. Shi ke nan, an ba da ita. Matar nan ta haihu, ta aurar, gashinta ya yi fari, amma duk ranar da faɗa ya tashi a gidan, abu ɗaya ake jefa mata: "Wa ya roƙe ki? A kasuwa aka shanye ki." Har jikokinta sun ji wannan maganar. Ita na gani a gabana ranar nan, ba tuddan inabi ba.

Na faɗa musu haka. Takwarata ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kaka, weekend ne kawai fa! Ba wanda ya yi zancen aure. An riga an yi booking ma."

"A kwance shi."

"Ba a kwancewa, ba akuya ba ce."

"Ke ce akuyar, tunda ana jan ki kina bi."

Ɗana ya cire tabarau ya ce, "Mama, nan ba gida ba ne. Mutanen nan ba su nufin komai da shi."

Na ce, "Wannan ya fi muni. Za ka ba da ita, su kuma ba su ma san sun karɓa ba."

Ban san abin da yarinyar ta je ta gaya musu ba, amma bayan 'yan kwanaki uwar yaron ta kira ta waya mai hoto, wai tana so ta kwantar mini da hankali. Mace ce mai fara'a, gashinta a yanke kamar na namiji. Surukata, matar ɗana, ita ke fassara mini. Baturiyar ta ɗauka tsoron buguwa nake yi. Ta ce kada in damu ko kaɗan, ba dole ne a haɗiye ba. Ana ajiye bokiti a tsakiyar tebur. Mutum ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya kurkure baki da ita, sannan ya tofar a bokitin.

Na ce wa surukata, "Ba ki ji daidai ba. Sake tambayar ta."

Ta sake. Matar ta ɗauko kofin shayinta ta nuna mana yadda ake yi, har da kumbura kumatu. Ta ce ita kanta duka take tofarwa, saboda ita ke tuƙi. Kuma bayan an tofar sai kowa ya faɗi abin da ya ji: wani ya ce ƙanshin tuffa, wani ya ce itace, wani ya ce jiƙaƙƙen dutse.

A duk rayuwata sau ɗaya na ga an tofar da giyar neman aure. Wani tsoho ne ya kurɓa ya feshe ta a ƙasa a gaban baƙi. Gidajen nan biyu ba su sake gaisawa ba, ko a jana'iza. Ga shi yanzu ana gaya mini da murmushi cewa uban yaro zai miƙa wa ɗana kofi, ɗana ya kurkure baki ya tofar a bokiti, su kuma su tofar da tasu, kowa yana kallon kowa. In ya haɗiye ya ba da 'ya ba a roƙa ba. In ya tofar ya zagi mutane. Kuma wai har kwana za a yi ana wannan abin, daga gona zuwa gona.

Matar tana ta ɗaga mini hannu a cikin wayar. Na ɗaga mata nawa, don ba ta yi mini laifi ba. Amma abincin ranar bai shiga ba.

Na sake samun ɗana, shi kaɗai, yana goge takalmin aiki. Na ce ya kira uban yaron ya gaya masa yadda ake yi. Ya ƙi. Ya ce in ya buɗe baki za su ce muna sayar da yarinya ne, ko muna tura musu ita. Ya ce yaron bai ce yana son aure ba, da wane baki zai ce a zo a nema? Na gane tsoro yake ji. Mutumin da ke daka wa fasinja tsawa a bas, ya kasa ɗaga waya.

To, tunda namijin gidan ya zauna, ni na tashi. Na ce wa takwarata ina so in ga inda take kwana. Ta zo ta ɗauke ni a jirgin ƙasa. Manchester ruwa ake yi, kamar yadda kowa ya gaya mini. Ɗakinta yana can sama, sai da na huta a matakala. Da na zauna na ce ta kira mini yaron.

Ya zo da furanni. Na karɓa na ajiye. Na fara magana, ita tana fassarawa. Na yi bayanin tulu, da ƙwarya, da matar da aka shanye a kasuwa. Sai na lura ni ina yin magana mai tsawon igiya, ita tana mayar masa da guntuwa, shi kuma yana murmushi yana gyaɗa kai.

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Abin da kika ce."

"Ƙarya. Na ji kin ce gwiwa. Wa ya yi zancen gwiwa?"

"Na ce gwiwarki na ciwo, shi ya sa ba kya son tafiyar. Kaka, ba zan iya gaya masa ya zo ya roƙe ni ba! Kamar ni nake roƙonsa ke nan. Kin san kunyar da kike ba ni?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki laima ta ce za ta sayo madara, ta buga ƙofa ta fita. Aka bar ni da shi, ni da guntun Turancina na kasuwa, shi da jajayen kunnuwa.

Ya leƙa taga ya ga ta tsallaka titi. Sai kawai ya zo gabana ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Raina ya yi fari. Na ce ashe yaron yana da tarbiyya, ya san yadda ake gaida manya. Har na ɗaga hannu zan sa masa albarka. Sai ya ciro wani ɗan akwati daga aljihu ya buɗe. Zobe. Ya ciro waya ya nuna mini hoton tudun nan na gonar inabi. Ya nuna kansa a durƙushe, ya nuna ƙofar da ta fita, ya nuna zoben. Sannan ya ɗora yatsa a leɓe.

Ban san lokacin da na ce "Yesu!" ba.

Ashe duk tafiyar nan tarko ce. A can, a gona, a gaban iyayenta da kofuna a hannu, zai nemi aurenta. Iyayensa sun sani. Ita ba ta sani ba. Ubanta, wanda ya ce mutanen nan ba su nufin komai, bai sani ba. Yaron yana kallona yana jira in yi murna.

Na tattaro 'yan kalmomin da nake da su. Gida. Baba. Kawo. Tukuna. Na nuna shi, na nuna hanyar Birmingham, na kama hannunsa na rufe akwatin da kaina. Na ce in bai zo ba, ni ba zuwa, ubanta ba zuwa. Ban san nawa ya fahimta ba, amma murmushin ya tafi. Da ta dawo da madararta ta same mu kowa yana kallon bango.

Da na koma gida ban jira ɗana ya cire rigar aiki ba. Na gaya masa zancen zobe. Ya tsaya a tsakiyar falo da jaka a kafaɗa.

"Zobe? A can?"

"A can."

"Bai tambaye ni ba?"

"Ai ka ce nan ba gida ba ne."

Ya zauna, ya daɗe yana kallon kafet. Ranar ya kira uban yaron, kuma muryar da ya yi magana da ita irin ta cikin bas ce, sai dai da ladabi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Uban yaron ya ce za su zo da farin ciki, su nemi izini a ɓoye, yarinyar ba ta sani ba, don kada a ɓata mata mamakin. Ɗana ya juyo yana tambayata ko hakan ya isa. Na ce a wane gari? Ita ce ke fara sha. Ba a ba da mutum a bayan idonsa. Sai aka ji uwar yaron ta shiga maganar. Ashe har sun ɗauki wani mai hoto da zai ɓuya a cikin itatuwan inabi, ya fito daidai lokacin da yaron ya durƙusa. Ƙato a ɓoye cikin gona yana leƙen jikata! Na ce wa surukata ta ba ni ruwa.

Yaron ne ya raba gardamar. Ya ce a yi yadda kakarta ta ce.

Suka zo wata Asabar da rana. Mun kira wani dattijon cocinmu daga unguwar Perry Barr, mutumin wajenmu, don uba ba ya magana da bakinsa a irin wannan zama. Takwarata an ce mata ta zo gida ana nemanta, tana sama da uwarta, ba ta san komai ba. Uban yaron ya shigo rungume da kwali, kwalaben giyar gonar nan ne a ciki. Dattijon ya nuna masa tsakiyar falo, ya ajiye. Aka gaisa. Ba shanu, ba damina, sai aka tambayi hanya da ruwan Manchester. Da aka ce ya faɗi abin da ya kawo shi, Baturen nan mai furfura ya miƙe tsaye ya ce ya zo roƙon 'yar gidan nan wa ɗansa. Dattijon ya ce bai ji ba. Ya maimaita da ƙarfi. Ni na sa a yi masa haka, don maƙwabta ma su ji.

Na ɗauko ƙaramar ƙwaryata da nake shan kunu. Da mutumin ya ga za a zuba giyarsa a ciki, sai da ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Ya buɗe baki, matarsa ta taɓa masa gwiwa, ya rufe.

Aka kira ta. Ta sauko da silifas da tsohuwar rigar gida, gashinta a ɗaure da ɗankwali. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga iyayensa, ta ga kwalin, ta ga yaron a takure a kujera cikin kwat. Dattijon ya miƙa mata ƙwaryar ya gaya mata abin da ake nufi, da Hausa, ya sake da Turanci.

Ta riƙe ta da hannu biyu ba ta sha ba. Ta tambayi yaron wani abu a hankali, ya amsa, ya nuna mata ɗan akwatin. Na ga lokacin da ta gane abin da aka shirya mata a kan tudun, da kuma wanda ya rushe shi. Ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba, irin nawa ne sak. A lokacin ne kaɗai gabana ya faɗi, don na san jinin da ke jikinta. Tana iya ajiye ƙwaryar nan a ƙasa don ta huce a kaina, kuma in ta ajiye, mutanen nan sai su ɗauki kwalinsu.

Falon ya yi tsit, har ana jin bas yana tsayawa a bakin titi.

Ta kurɓa. Ta taka ta durƙusa a gaban ubanta ta miƙa masa. Ɗana ya sha, ya shanye tas, hawaye na bin gemunsa. Surukata ta rangaɗa guɗa har Baturiyar ta zabura, sannan ita ma ta fashe da kuka, ta rungume kowa, har ni.

Bayan an ci abinci na shiga kicin. Ta biyo ni ta rufe ƙofa, zoben yana hannunta.

"Kin san abin da kika ɓata?"

"Na sani."

"A kan tudu, Kaka. Da rana tana faɗuwa. Ni kuma ga ni da silifas."

"Silifas ɗin gidan ubanki ne."

"Ba za ki ba ni haƙuri ba?"

"A'a."

Ta tsaya tana huci. Ni ina wanke tukunya. Na san za ta daɗe ba ta yafe mini tudun nan ba, kuma ta daɗe ɗin; har yau in zancen ya taso sai ta harare ni. Amma tsohon nan ya tako daga Manchester ya tsaya a falon ubanta ya roƙa, da ƙarfi, a gaban shaidu. Duk faɗan da za a yi a gidanta nan gaba, akwai maganar da ba mai iya gaya mata.

Ta ɗauki tsumma ta fara goge kwanukan da na wanke, da ƙarfi, kamar su suka yi mata laifi.

"To yanzu tafiyar fa? Babansa yana tambaya. Za ki ko ba za ki ba?"

Na ce, "Yanzu ai surukai ne suka gayyace mu. Ki ce masa za ni."